Zagayen Wa Ne Yanzu?

Ranar da na shiga gidan Marlene na same ta a kicin sanye da rigar sanyi biyu, ga hular ulu har kunne, tana kurɓar ruwan zafi tsura a kofin shayi, ranar na san akwai abin da take ɓoye mini. Tsakiyar lokacin sanyi ne, iskar teku tana kaɗowa cikin garinmu Grimsby kamar za ta yanke wa mutum kunne. Bango ɗaya ne ya raba gidana da nata, kuma na san halinta sarai. Kafin baƙo ya cire takalmi ta ɗora buta a wuta, ɗakinta kullum da ɗumi kamar gidan burodi. Amma ran nan har tururin bakina nake gani a cikin kicin ɗinta.

"Marlene, hitar ɗumama gidan ce ta lalace?"

"Lafiyarta lau. Ni ce ba na jin sanyi."

"Ba kya jin sanyi, shi ya sa haƙoranki suke rawa? Ina ganyen shayin kuma?"

"Likita ne ya ce in rage."

"Wane likita ne zai hana 'yar garin nan shayi? Faɗa mini sunansa in je in wanke shi tas."

Ba ta yi dariya ba. Wayarta ce ta yi ƙara a kan tebur, ta zabura har ruwan zafin ya zubo mata a hannu. Ta kifa wayar, ta dafe ta kamar za ta gudu. Kiran ya katse, wani ya sake shigowa.

"Wa ke nemanki haka?"

"Mutanen banki ne," ta ce, idonta a ƙasa. "Katin bashi ne, Bernice. Lokacin da aka yi mini aikin ƙugu ba na iya fita, sai na sa banki suka yi wa ɗana Dale kati na biyu a kan asusuna, ya riƙa yi mini cefane. Na warke ban karɓa ba. Ta yaya zan ce wa ɗan da na haifa ya ba ni kati, sai ka ce na kama ɓarawo?"

"Nawa ake bin ki?"

A garinmu gara ka tambayi mace abin da ya raba ta da mijinta da ka tambaye ta zancen kuɗi. Can ta ce, "Ya haura fam dubu goma sha tara."

Na jawo kujera na zauna. Ba yawan kuɗin ne kaɗai ya kashe mini jiki ba. Ni ce mai zuba abin sha a kulob ɗin ma'aikata duk ƙarshen mako, saboda haka na san inda kuɗin nan suke tafiya. Katin da Dale yake ɗorawa a kan na'urar da nake cirar kuɗi da ita sunansa ne a jiki, babu wanda zai kalle shi ya yi tunanin asusun uwarsa yake tatsa.

Mu a nan ba a shan giya kowa da aljihunsa. In kun zauna tebur ɗaya, ɗaya ya tashi ya sayo wa kowa, a sha, wani ya tashi ya yi nasa zagayen, haka har ya zo kan kowa. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa ya zo, ya gama yawo a garin nan, har jikokinsa sai an goranta musu. To Dale ya zo da sabon salo. Da ya shigo zai buga kantar sayar da giya da tafin hannu ya ce, "Anti Bernice, zuba wa kowa!" In wani ya zaro kuɗi zai rama, sai ya riƙe masa hannu: "Mayar aljihu, ka raina ni ne?" Da farko mutane suna ɗan nuna kunya. Daga baya suka daina ko taɓa aljihun, sai dai ka ji ana cewa yaron nan zuciyar ubansa ya gado.

Ranar Asabar da rana na tare shi a bayan kulob, yana jingine da motar aikinsa mai tsani a kai. Dale ya kusa arba'in, ƙato ne mai fara'a, mai gyaran rufin gidaje da ba a cika ganinsa a kan rufi ba.

"Anti Bernice ta mutane! Yau kuma wa ya taɓa ki?"

"Kai ne. Uwarka tana zaune cikin sanyi tana shan ruwan zafi, kai kana nan kana shayar da gari da katinta."

Fara'ar ta ɗauke, ya waiga ya ga ko akwai mai jin mu. "Ita ta aiko ki?"

"Ba ta aiko ni ba."

"To kin gani. Ita mai abin ba ta yi ƙorafi ba. Anti, ba ki san harkar nan ba ne. A kulob ake samun aiki. Wanda ka saya wa tambulan yau, shi zai kira ka gobe in rufinsa ya fara yoyo. Jari nake zubawa."

"Rufi nawa ka gyara bana?"

"Akwai wata babbar kwangila tana tafe. Tana faɗowa zan share bashin nan rana ɗaya, har in kai Mama hutu bakin ruwa a Sifen."

"Kafin kwangilar ta faɗo ita za ta faɗi."

"Haba, ke ma dai da zuzuta abu. Ni duk Lahadi ina gidan, ban taɓa jin wani sanyi ba."

A nan kam bai yi ƙarya ba, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Duk Lahadi Dale da matarsa Keeley da 'yarsu Maisie suna zuwa cin abincin rana a wurin Marlene. Saboda ranar kaɗai take ƙuntata wa kanta mako guda. Tun safe za ta kunna hita, ta gasa nama da dankali, ta haɗa romo, ta ɓoye hular ulun a aljihun tebur. Maisie ba ta fi shekara shida ba, ita ce hasken idon kakarta. Suna fita Marlene za ta kashe hitar, ta kankare abin da ya rage a tire ta raba shi kashi-kashi, shi ne abincinta har Laraba.

Wata Lahadi na ci karo da Keeley a bakin ƙofa tana gyara wa Maisie igiyar takalmi, na ɗan taɓa mata zancen. Ta miƙe ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Wai me ya shafe ki ne? Kayan rawar Maisie da kyautar Kirsimeti, kakarta ce ta ce a saya. So kike ta zama ita kaɗai a ajinsu ba ta da komai? Kuma in ana maganar gaskiya, Dale ne ɗanta ɗaya tilo. Komai nata nasa ne watarana. Ya ɗan fara taɓawa da wuri, shi ne abin surutu?"

"Ai ba ta mutu ba tukuna, Keeley."

"Ni ban ce ta mutu ba. Zo mu tafi, Maisie."

Na je wurin Gordon, yayan Marlene, ina ganin ko shi zai tsawata. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, kujerarsa a kulob har ta ɗauki siffar mazaunansa. Ya saurare ni yana juya tambulan a hannu, tambulan ɗin da Dale ya saya masa.

"Bernice, wannan maganar cikin gida ce. Mu ba ma shiga tsakanin uwa da ɗa. In Marlene tana da matsala ai tana da baki."

"Ƙanwarka ce fa."

"Shi ya sa na san ta. Ba ta son a san sirrinta. Ki bar shi haka, kada ki ja mata abin kunya."

Ya ɗaga tambulan ya ƙarasa shanyewa. Da ba a bakin aiki nake ba, da na juye masa guga a kai.

Daga nan abu ya riƙa taɓarɓarewa a idona. Marlene tana aikin shara da goge-goge a gidan kula da tsofaffi, sai ta ƙara karɓar aikin asuba, da ƙugun nan da likita ya ce ta lallaɓa. Ina jin ƙarar ƙofarta gari bai waye ba, ina jin yadda take jan ƙafa a kan matakala. Duk wata ta biya ɗan abin da banki suka ce shi ne mafi ƙanƙanta, kuɗin ruwa ya lashe shi, Dale ya ɗora sabo a kai. Wani bankin ya yi mata tayin sabon kati ta kwashe tsohon bashi ta mayar can, ta karɓa da murna, tana ganin ta samu sauƙi. Tsohon katin ya zama fanko babu bashi a kai, Dale ya sake cika shi kafin bazara. Bashi ɗaya ya koma biyu.

Agogon marigayi mijinta Clive ya ɓace daga kan talabijin. Da na tambaya ta ce yana wurin gyara. Zoben aurenta ma ya tafi wurin gyara, ya bar mata farin zane a yatsa. Wata rana ina cikin bas na hango ta a can wata unguwa mai nisa, tana tsaye a layin masu karɓar abincin taimako a ƙofar coci, ta ja hula ta rufe rabin fuska. Akwai irin wurin kusa da mu, amma ta gwammace ta yi tafiyar nan da ciwon ƙugu don kada a gane ta. Na kau da kai don kada mu haɗa ido, na yi ta kuka a bas kamar wata sakarya.

Wayar kuwa ba ta daina ƙara ba. Har ta kai in mai kawo wasiƙa ya taɓa ƙofa sai Marlene ta maƙale a bayan labule. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ta fara manta abu a kan wuta. In na yi mata faɗa sai ta ce, "Yaron kirki ne, Bernice. Hannunsa ne a sake, kamar ubansa."

Ranar da ta zame a wurin aiki ta faɗi da bokiti a hannu, aka ba ta hutun dole babu cikakken albashi, ranar na daina lallashi. Na sa ta a gaba har wani ɗaki da ke bayan ɗakin karatu na gari, inda wata ƙungiya take ba masu bashi shawara kyauta. Wata mata mai tabarau ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Abin da nake so," inji Marlene, "a raba bashin. A bar mini nawa, a bi ɗana nasa a hankali. Amma don Allah kada a matsa masa."

Matar ta cire tabarau ta ajiye. "A wurin banki babu naki babu nasa. Ke kika buɗe asusun, ke kika ba shi izini. Ko kwabo ba za su bi shi ba."

"Ko da shi ya kashe?"

"Ko da shi ya kashe duka."

"Gidana fa?"

"In biya ya tsaya, suna iya kai ki kotu, kotu ta ɗaura bashin a kan gidan. Amma ba a kai can ba tukuna. Za mu iya roƙonsu su tsayar da kuɗin ruwa, a yanka miki abin da za ki iya biya duk wata. Zai ɗauki shekaru, amma yana ƙarewa. Sai dai ba abin da za mu iya farawa muddin katinsa yana aiki. Kira ɗaya ne, lambar tana bayan katinki."

Marlene ta murza yatsan da babu zobe. "Zai ji kunya a gaban mutane."

"Ke fa?" inji matar.

A hanya ta ce mini za ta fara yi masa magana, ba za ta yi masa yankan baya ba.

Ta yi masa, ni kuma na sha labari ta bango, don Dale in ransa ya ɓaci ba ya iya magana a hankali.

"Ki rufe mini kati? Mama, so kike a yi mini dariya a garin nan? Da wane ido zan shiga kulob? Wannan munafukar maƙwabciyar taki ce take zuga ki!"

Munafukar tana tsaye a kicin ɗinta da cokali a hannu, tana ji. Daga nan murya ta sauka, na daina ji sosai. Da shi da Keeley suka tafi na shiga na same ta zaune a kan matakala.

"Ya samo mafita," ta ce. "A sayar da gidan. A biya bashin gaba ɗaya, in kama ɗan ɗaki na haya a benen tsofaffi. Abin da ya rage ya zuba a sana'arsa, ya riƙa ba ni wani abu duk wata."

"Gidan da Clive ya yi rabin rayuwarsa a kan teku kafin ya gama biya?"

"Ya ce gidan ya yi mini girma, matakala ba ta dace da ƙuguna ba."

"Yau ya tuna kina da ƙugu? Marlene, ki kira lambar nan."

"Keeley ta ce in na tozarta mijinta, in manta ina da jika." Ta dafe ƙugunta. "Ta ce ba za ta kawo Maisie gidan da ake wulaƙanta ubanta ba. Bernice, yarinyar nan ita ce kaɗai abin da nake jira duk mako."

Cikin 'yan kwanaki dillalin gidaje ya zo da ɗan awonsa, ya leƙa ko'ina har ɗakin kwananta, Keeley tana biye da shi tana nuna masa inda rana take shigowa. Aka sa Litinin Marlene za ta je ofishinsa ta sa hannu. Na yi magana har na gaji, ta ce in ƙyale ta, ta riga ta yanke.

Lahadin da ke kafin Litinin ɗin ta dace da ranar tunawa da rasuwar Clive. Dale ya shirya taro a kulob da rana, ya gayyaci tsofaffin abokan ubansa, ya sa aka kawo kifi da dankali tire-tire. Tun da Clive ya rasu Marlene ba ta sake taka kulob ba, amma ran nan Dale ya dage sai ta zo. Ta zo da sandarta, cikin rigar da ta yi mata yawa, aka zaunar da ita kusa da hoton mijinta. Ɗakin ya yi ɗumi har maza suna cire riguna suna ratayewa a bayan kujera. Ita ba ta cire tata ba, ina jin jikinta ya manta yadda ake yi.

Dale ya buga kanta. "Anti Bernice, zuba wa kowa! Don Baba!"

Na zuba, don aikina ne. Na miƙa masa na'ura ya ɗora kati, ta yi 'yar ƙararta ta karɓa. Aka ɗaga tambulan sama, aka kira sunan Clive. Dale da kansa ya kai wa uwarsa lemo, ya sumbace ta a goshi, mutane suka yi tafi.

Sai aka fara zuwa gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ina jin su daga inda nake. Wannan ya ce ta yi sa'ar ɗa, wancan ya ce irin Dale sai an tona. Gordon ya zo ƙarshe, fuskarsa ta yi ja, ya dafa kafaɗarta.

"Ƙanwata, kin haifi ɗa. Kin san rabon da yaron nan ya bar ni in sa hannu a aljihu? Tun kafin a yi miki aikin nan... a'a, tun lokacin aikin. Ba ni kaɗai ba, duk teburin can. Ko Clive bai kai shi ba."

Marlene ta ɗaga kai ta kalle shi. Ta kalli teburin da ya nuna, ta bi ɗakin da ido a hankali, tambulan bayan tambulan, har ta dawo kan lemon da ke gabanta. Ba ta taɓa shi ba. Ta dogara sanda ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta ce za ta zaga bayi. Ta jima ba ta dawo ba, har na fara tunanin in bi ta. Da ta dawo fuskarta ta yi fari fat, ta zauna ta rungume jakar a ƙirji.

Dale ya sake buga kanta. "A ƙara! Yau ba mai komawa gida da ƙishi!"

Na jera tambulan na cika su, kanta ta cika maƙil. Na miƙa na'ura, ya ɗora kati yana ba wani labari. Na'urar ta yi wata ƙara daban. Ya sake ɗorawa, ta sake ƙi.

"Na'urarki ta tsufa kamar ke, Anti," ya ce yana dariya. Ya goge katin a riga, ya zura shi ciki, ya danna lambobi. Ta ƙi. Na kusa suka fara yin shiru, shirun ya bi ɗakin har ya kai ƙofa.

"Na'urar lafiyarta lau, Bernice." Muryar Marlene ce, ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. "Ni na kira banki daga bayi na rufe katin."

Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan tebur.

"Gordon, na gode da ka faɗa mini. Ashe tun aikin ƙuguna ba ka sa hannu a aljihu ba. To ni nake saya maka. Ni nake saya muku duka. Katin nan nawa ne, da wanke bayin tsofaffi nake biyan sa, kuma ban gama ba. Gobe ne zan sa hannu a sayar da gidan Clive don in biya abin da kuka sha. Na fasa." Ta juya ga sauran teburan. "Clive ya yi zagaye a ɗakin nan shekara da shekaru, amma da albashinsa, kuma in ya yi nasa yakan zauna wani ya tashi. Haka na san ana yi. To ni na yi nawa, har na wuce. Zagayen wa ne yanzu?"

Ban taɓa ganin ƙartin garin nan sun yi laushi irin na ran nan ba. Mutanen da za su iya kwana suna zagin wanda ya tsallake zagaye sau ɗaya, ga su an gaya musu a bainar jama'a cewa gwauruwa mai sanda ce take shayar da su. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tebur.

Dale ya yi tsaye da kati a hannu. "Mama, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka kashe su, ɗana."

Keeley ta figi hannun Maisie ta yi waje, yarinyar tana waiwaye tana kiran Kaka. Dale ya jefar da katin a kan kanta ya bi su. Gordon ne ya taso, ya daɗe yana laluben aljihu kamar ya manta inda yake, ya biya kuɗin abin da na zuba. Babu wanda ya sha. Da yamma na zubar da su duka a magudana.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya gyaru. Gidan dai yana nan, sunan Marlene ne a kai. Matar mai tabarau ta cika alkawari, an tsayar da kuɗin ruwa, wayar ta yi shiru, an yanka mata abin da take biya duk wata, kuma za ta haura shekara saba'in a duniya tana biya. Wani daga cikin abokan Clive yakan ajiye mata kifi a bakin ƙofa ya gudu kafin ta buɗe. Gordon ya fanso agogon daga inda ta jinginar da shi ya kawo, bai iya haɗa ido da ita ba. Sauran kuwa, in sun hango ta a titi sai su tsallaka ɗaya gefen. Da kunnena na ji ana cewa abin da ta yi bai dace ba, ba a tona asirin ɗa a cikin taro, mace ce mai taurin zuciya. Masu faɗar haka har yau ba wanda ya taɓa tambayar nawa ya sha.

Maisie ba ta sake zuwa ba. Marlene takan tsaya nesa da ƙofar makarantarsu lokacin tashi, ta hango ta, ta juyo gida. Ranar Lahadi ba ta gasa nama, amma hitar tana kunne, kuma akwai ganyen shayi a gwangwani.

Duk Lahadi in na taso daga kulob ina samun ta a bakin taga tana jirana. Makon jiya ma haka, ban ko cire takalmi ba ta fara.

"Dale ya zo?"

"Ya zo."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai, a kujerar lungu. Tambulan ɗaya ya saya, ya yi ta juya shi har na tashi."

"Duk cikinsu ba wanda ya saya masa?"

"Ko ɗaya, Marlene."

Sai ta buɗe jakarta, ta tsinto 'yan tsabar kuɗi ta danƙa mini a tafin hannu, ta rufe da nata hannun. "Mako mai zuwa ki zuba masa ɗaya. Kada ki ce daga ina."

Na cika fam, amma na karɓa, don ba zan tsaya gardama da uwa a kan ɗanta ba. Da gari ya waye na shiga gidanta na ɗauki katin mitar wutarta daga ƙusar da take rataye shi, na je kantin bakin titi, na ce a zuba mata su a kuɗin hita.